Dungu: Yaƙin Zobe a Rumfar Wasan Talabijin

Wani baƙon wasa ya shigo ƙasar korama. Ƴar na'ura ce da ake haɗawa da talabijin, yaro ya riƙe abin sarrafawa a hannu, ya dinga tafiyar da jarumin da a da sai dai ya zauna ya kalle shi a silima. Daga ina wannan wasa ya fito? Wace hanya ya biyo har ya iso gundumar Kance? Me yake bai wa yara, me kuma yake karɓewa daga hannunsu?

Ƙasar rake da korama

Dungu na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 9 na gundumar Kance, wadda babban garinta shi ne Matamaye, a kudu maso yammacin jihar Damagaram. Duk wanda ya san wannan yanki ya san shi da abu biyu, watau yawan jama'a da albarkar korama. Da damina ana noman gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu. Idan kaka ta wuce sai aiki ya koma fadama, inda ruwa ke kusa da hannu, a fitar da rake da rogo da dankali da kayan miya, a loda wa manyan motoci zuwa Zinder da sauran birane. Saboda haka rani a Dungu lokacin aiki ne, kuma yaro ɗan shekara 12 yana da nasa rabo wajen ban ruwa, da ɗaurin rake, da kiwon bisashe.

Bugu da ƙari, yankin yana bakin iyaka. Babbar hanyar da ta taso daga Zinder ta ratsa Matamaye, ta bi ta Ɗan Barto, ta shiga Najeriya ta ƙasar Daura, ta zarce Kano. Ta wannan hanya rediyo mai kaset ta shigo, ta nan bidiyo da fina-finan Indiya da na Kano suka biyo, ta nan kuma salula ta iso. Abin da aka gani yau a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ba a daɗewa sai an gan shi a Matamaye. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa jihar Damagaram ta fi kowace jiha ta Nijar yawan mutane, da kimanin miliyan 3 da rabi, kuma kusan rabin ƴan ƙasar ba su kai shekara 15 ba. Duk hajar da aka yi domin yara, ba za ta rasa masu saye a nan ba.

Yadda rumfar take

Gidan wasa ba ya bukatar jari mai yawa. Rumfar kara ko ɗan shago, benci biyu, talabijin ɗaya ko biyu, na'urar wasa, sai abin sarrafawa guda biyu, wanda yara ke kira manet ko hannu. Inda wutar NIGELEC ba ta kai ba, ko ta kai amma tana yankewa, ƙaramin injin wuta ko farantin hasken rana da batir su ke ɗaukar nauyi. Sau da yawa mai rumfar yana haɗa sana'a biyu ko uku: yana cajin salula, yana tura waƙoƙi da fina-finai, da dare kuma ya nuna ƙwallon Turai. Ana biyan kuɗin wasa ko dai bisa lokaci, ko bisa kowane zama. Mutum biyu ke riƙe da manet, amma sai a tarar da goma sun yi tsaye a bayansu, kowa na ba da shawara, kowa na jiran layi ya zo kansa.

Mafi yawan abin da ake bugawa a irin waɗannan rumfuna ƙwallon ƙafa ne, domin shi ba ya bukatar bayani, kuma cikin ƴan mintoci an san wanda ya ci. Amma cikin tarin faya-fayan akwai wani iri dabam, wanda aka ciro daga manyan fina-finan almara, masu takubba da dodanni da matsafa. Wannan iri ba a gama shi a zama ɗaya. Labari ne mai tsawo da aka yanka babi babi, ba a buɗe na gaba sai an tsallake na baya. Yaro zai tashi yau a bakin ganuwar wani birni, ya kwana yana tunanin yadda zai kare ta, gobe ya dawo da wasu kuɗin. A nan ne daɗin wasan yake, a nan ne kuma tarkonsa yake.

Asalin labarin

Mafi shahara cikin irin waɗannan fina-finai shi ne wanda ake kira The Lord of the Rings da Ingilishi, Le Seigneur des anneaux da Faransanci, watau Ubangidan Zobba. Tushensa littafi ne na wani malamin jami'ar Oxford ta Ingila, J. R. R. Tolkien, wanda aka haifa a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu a 1892, ya rasu a 1973. Masanin tsofaffin harsuna ne, ya kuma halarci yaƙin duniya na farko a fagen Somme na Faransa a 1916, inda ya ga yadda ake karkashe samari ba adadi. Littafin ya fito kashi uku a 1954 da 1955, aka fassara shi da Faransanci a 1972 da 1973.

Ga labarin a taƙaice. Wani azzalumin sarki mai suna Sauron ya ƙera zobe, ya zuba ƙarfinsa a ciki domin ya mallaki duniya. Zoben ya ɓace masa, bayan zamani mai tsawo ya faɗa hannun Frodo, wani ɗan ƙaramin taliki daga ƙauyen manoma, wanda ba jarumi ba ne, ba kuma ɗan sarki ba. Dattawa suka yi shawara, suka ga cewa duk wanda ya yi aiki da zoben, ko da niyyar alheri ce, ƙarshensa zai zama azzalumi. Magani ɗaya ne: a kai shi dutsen wutar da aka ƙera shi, a jefa shi ciki. Frodo ya ɗauki wannan kaya, amininsa Sam ya bi shi, tare da tsohon masani Gandalf, da Aragorn magajin sarauta, da Legolas maharbi, da Gimli mai gatari. Duk yaƙe-yaƙen da jarumai suka yi, amfaninsu shi ne su ɗauke hankalin maƙiyi har ƙaramin cikinsu ya isa inda za shi.

Peter Jackson, mutumin ƙasar New Zealand, shi ya mayar da littafin fim. An ɗauki kashi ukun a tare a ƙasarsa, daga ƙarshen 1999 zuwa ƙarshen 2000, aka fitar da su ɗaya bayan ɗaya a 2001 da 2002 da 2003. Sun tara kusan dalar Amurka biliyan 3 a gidajen silima na duniya, kuma na ukun ya samu lambar Oscar guda 11 a 2004.

Daga majigi zuwa na'ura

Mayar da fim wasa tsohuwar sana'a ce, kuma ba kullum take riba ba. A 1982 kamfanin Atari na Amurka ya yi gaggawar fitar da wasan fim ɗin E.T. cikin ƴan makonni domin ya riski kasuwar ƙarshen shekara. Wasan bai yi kyau ba, jama'a suka ƙi shi, a 1983 aka kwashi abin da ya yi kwantai tare da wasu kayan kamfanin aka binne a juji a garin Alamogordo. Mutane da yawa sun ɗauka tatsuniya ce, sai da aka tono wurin a 2014 aka same su.

Labarin zobe ya fi sa'a. Kamfanin Electronic Arts, wanda ya sayi izinin fina-finan, ya fitar da wasan The Two Towers a 2002, sannan The Return of the King a 2003, a kan na'urori irin su PlayStation 2. Dabarar da ta burge jama'a ita ce yadda aka ɗinke fim da wasa. Mai wasa zai ga wani yanki na ainihin fim ɗin, da ƴan wasansa da kiɗansa, sai hoton ya rikiɗe sannu a hankali ya zama na na'ura, ya tarar takobi na hannunsa. A wasan farko yana zaɓar Aragorn ko Legolas ko Gimli, har ya kai ga tsaron ganuwar Helm's Deep cikin dare da ruwan sama, yana ture tsanin da maƙiya ke jinginawa. A na biyu an raba tafiyar gida uku, hanyar masani da hanyar sarki da hanyar su Frodo, kuma mutum biyu na iya yin yaƙi tare a gefe ɗaya. Wannan ya dace da rumfa ƙwarai, domin abokai biyu na iya haɗa kuɗi su raba manet.

Kasuwar ba ta tsaya nan ba. Izinin ya koma hannun kamfanin Warner a 2009, wanda ya fitar da Shadow of Mordor a 2014. Haka kuma fina-finan Harry Potter, yaron da ya je makarantar koyon sihiri, sun haifi nasu wasanni tun daga 2001, kuma wanda ya fito a 2023, Hogwarts Legacy, an sayar da fiye da miliyan 20 nasa cikin shekara guda.

Abin da wasa ya ɗauka da abin da ya bari

Akwai wani abin lura da ba kowane mai wasa ke gani ba. Zuciyar labarin Tolkien ita ce ƙin mulki: ga ƙarfi a tafin hannu, amma mai hankali ya ƙi taɓa shi. Akwai kuma tausayi, domin Gollum, tsohon mai zoben da kwaɗayi ya nakasa, sau da dama ana samun damar kashe shi ana ƙyale shi, kuma wannan ƙyalewa ce ta ceci duniya daga ƙarshe, sa'ad da Frodo da kansa ya kasa rabuwa da zoben a bakin wuta. To, amma na'ura ba ta san yadda za ta ba da maki a kan haƙuri ba. Abin da ta iya ƙirgawa shi ne sara da suka. A waɗannan wasanni, kowane maƙiyi da aka kashe ana auna kyawun kisan, a ba da maki, da makin kuma ake sayen sababbin dabarun faɗa. A babin ƙarshe na The Return of the King, mai wasa da kansa ke faɗa da Gollum har ya tura shi cikin ramin wuta, alhali a littafi Gollum ne ya ƙwace zoben, murna ta ɗauke masa hankali, ƙafarsa ta zame.

Ke nan labarin da aka gina a kan zubar da ƙarfi ya zama wasan tara ƙarfi. Yaron da ke zaune a rumfa a Dungu yana a ƙarshen dogon zare: bai karanta littafin ba, wataƙila bai ga fim ɗin duka ba, maganar da ake yi cikin wasan kuma da Ingilishi ce ko Faransanci. Idan fim ne, masu fassara na Kano sun saba ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya da na wasu ƙasashe, amma wasannin da ake bugawa a rumfuna ba sa jin Hausa. Saboda haka abin da ke isowa gare shi shi ne ƙarar takobi, ya ci tuwon ya bar miyar. Sai dai yara ba sa zama da giɓi. Suna raɗa wa jaruman nasu sunaye, wannan Tsoho, wancan Mai Baka, wancan Gajere, su ƙaga dalilin faɗan da kansu. Wannan alama ce cewa ƙishin labari na nan, ko da tatsuniyar dare ta ja baya.

Hanyar da na'ura ta biyo

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, aka sayar da fiye da miliyan 155, abin da ya sa ta shiga sahun gaba cikin na'urorin wasa na duniya. An daina ƙera ta wajen ƙarshen 2012. Sa'ad da Turai da Amurka suka koma kan sababbi, tsofaffin suka bi sahun gwanjo, ta tashoshin jiragen ruwa na Ikko da Kwatano, zuwa kasuwannin Kano, daga nan ƴan kasuwa su hauro da su arewa. Abu uku ya sa tsohuwar na'ura ta zauna da gindinta a karkara. Tana da araha. Ba ta cin wuta, domin ba ta kai wat 100 ba, ga shi ba ta bukatar intanet. Sannan masu gyara sun san cikinta, sun kuma iya yi mata dabarar da za ta karɓi kwafin faifai ko ta ɗauki wasanni masu yawa daga ma'ajiya guda. Sababbin na'urori irin su PlayStation 3 da 4 sun bi bayanta, musamman a birane, haka kuma salula ta ɗauke wani rabo na masu wasa.

Wannan ƴar sana'a tana jin duk abin da ya taɓa iyaka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, duk hajar da ke bin hanyar Kano ta yi wuya. A watan Agusta na 2023 kuma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. Jihohin Maraɗi da Damagaram, waɗanda layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa ke ba su wuta, sun ji a jikinsu. A irin wannan hali, mai farantin hasken rana shi ke da kasuwa.

Riba da hasara

Adalci ne a fara da amfani. Rumfar wasa sana'a ce ga saurayin da ya buɗe ta, a yankin da matasa da yawa ke tafiya cin rani Najeriya ko ƙasashen arewa. Ga yara kuma, wuri ne da ɗan lakwal ke ganin ranar karatunsa, domin shi ake kira ya karanta umarnin da ya fito a talabijin, ya faɗa wa sauran abin da ake so su yi. Wasan na koyar da naci, tun da ba a tsallake babi sai an faɗi an tashi sau da yawa, yana kuma koyar da shawara idan mutum biyu ke kare ƙofa ɗaya. Ga wasu, wannan ne karo na farko da suka ba na'ura umarni ta bi, kuma daga irin wannan sha'awa ake samun masu gyaran salula da masu koyon kwamfuta.

Hasara kuwa ta fara daga aljihu. A ɗauka zama guda dala 20 ne, watau sefa 100. Yaron da ke zama sau biyu kowace rana zai kashe jikka 6 a wata, kuɗin da a gidan manomi ba abin rainawa ba ne. Idan daga ladan ɗaurin rake ya samu, guminsa ne, ko da yake da ya fi masa amfani a littafi ko takalmi. Idan kuwa daga cinikin tallar uwarsa ne, ko daga tiyar geron da aka zara a rumbu, to wasa ya zama ɓarna. Na biyu lokaci ne. Shekarar karatu daga Oktoba zuwa Yuni take, daidai da lokacin da kuɗin rake ke yawo a gari, kuma mushe na gane wanda ya kai dare a rumfa da ganin idonsa da safe. Ga makarantar allo, ga ban ruwa, ga mai shirin jarrabawar BEPC, duk daga rana ɗaya ake yankar musu lokaci. Na uku caca ce, wadda kan fara da cewa wanda aka cinye shi zai biya, ta ƙare da ajiye kuɗi a ƙasa.

Akwai kuma batun shekaru. Tun 2003 ƙasashen Turai ke buga lamba a bayan kwalin kowane wasa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, domin nuna shekarun da suka dace da shi. Shadow of Mordor, alal misali, lambarsa 18 ce saboda yawan zubar da jini. Amma kwafin faifai ba ya zuwa da kwali, kuma a rumfa ɗan shekara 7 na tsaye kusa da ɗan shekara 17 suna kallon abu ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019, jerin da ya fara aiki a 2022. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran lamuran rayuwa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma a saba ganin haka har kimanin wata 12. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa ke kaiwa wannan matsayi. Don haka ba kowane yaro mai son manet ba ne majinyaci, ba kuma dalili ba ne na sakaci.

Tsohon darasi

Wannan damuwa ta girmi na'urar. A 1966 Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen silima na Nijar, ya fitar da fim ɗin Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ne ya dawo daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen Amurkawa, suka hau dawaki, suka hana ƙauyensu sakat, har wasa ya kai ga zubar da jini. Abin da ya hango shi ne halin samarin da suka ari rigar wani labari ba tare da sanin ma'anarsa ba. Amma shi kansa bai ce a rufe silima ba. Kamara ya ɗauka, ya koyi zanen hotuna masu motsi, ya yi fina-finai da labarun ƙasarsa har zuwa rasuwarsa a 2015. Nijar ta taɓa gwada wannan hanya a wani fannin ma, sa'ad da ta fara koyar da ƴan makaranta ta talabijin a 1964, tun kafin a buɗe Tele Sahel.

Labarun gida

Abin mamaki shi ne, ƙasar da ke sayen dodannin wasu ba ta rasa nata ba. Daga Dungu zuwa Daura tafiyar ƴan sa'o'i ce, kuma can rijiyar Kusugu take, inda labari ya ce Bayajida ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce macijiya ba ta bari a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je da dare ya sare kanta, ya auri sarauniya Daurama. Baƙo, da makami, da dodo, da sarauta: duk abin da masu ƙera wasa ke nema yana ciki. Ga Gizo da Ƙoƙi. Ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito tun 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A tarihi kuma ga Sarki Tanimun da ganuwar Zinder da igwoginsa, ga Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Abdullahi Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu a 1987. Littafi ya zama fim, saura mataki na uku.

Wasu ƴan Afirka sun fara takawa. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde ya fitar da wasan Aurion a 2016, labarin wani sarki da matarsa da aka yi wa juyin mulki, wanda aka gina a kan al'adun Afirka. A Yamai ma an ƙera wani wasan salula mai suna Les Héros du Sahel. Aikin na bukatar mai zane, da mai kiɗa, da mai tsara lissafin kwamfuta, da wanda ya san labari da harshe. Jami'ar Zinder na nan, makaɗa da masu ba da tarihi na nan, sai dai a haɗa su.

Abin da ya rage

Rufe rumfa ba zai kori wasa ba, salula kawai zai koma, inda babu idon kowa. Abin da ya fi shi ne tsari, kuma tsarin bai fi ƙarfin gari ba. Mai gari da magajin gari da ƙungiyar iyayen yara na iya zama da masu rumfuna a yi yarjejeniya: ba a buɗe wa ƴan makaranta a lokacin aji, a tashi idan an kira salla, a sallami ƙanana da wuri, a hana ajiye kuɗin caca, a ware wasannin jini ga manya. Uba ya tambayi ɗansa inda ya samu kuɗi, ya kuma tambaye shi labarin da yake bugawa. Mushe na iya ɗaukar labarin zobe ya ba da shi a aji, ya nuna wa yara abin da na'ura ta bari, ya sa su rubuta na Bayajida babi babi kamar yadda za a buga shi.

Dara mai gurbi 30 da tsakuwa 12 ga kowane ɗan wasa ta daɗe tana cinye wa manya yini a gindin bishiya, amma ba a taɓa jin mai hankali ya bar gonarsa ta bushe saboda ita ba. Haka ya kamata wasan talabijin ya samu nasa gurbi, bayan karatu, bayan ban ruwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya yaran Dungu, ya sa wata rana a ga jaruman ƙasarsu a talabijin, suna magana da Hausa.